Yadda Ake Zaɓen Akwatin Hannu Mai Ƙwari, Mara Nauyi, Don Tafiya a Jirgin Sama

Kilo 7 ko 8 ne da yawa daga cikin kamfanonin jiragen da mutanenmu ke shiga daga Njamena, Yawunde da Duwala suke yarje wa fasinjan ƙaramin aji ya hau da su, kuma nauyin akwatin kansa yana cikin wannan lissafi. Wanda ya sayi akwati mai kilo 4 ya riga ya cinye rabin rabonsa tun bai saka ko hula ba. Wanda kuma ya bi rashin nauyi kaɗai, ya ɗauki mai jiki sakayau, zai iya tsintar tayarsa a hannu tun kafin ya ƙetare gadar Ngeli daga Kuseri. Aikin shi ne a samu tsakiya.

Akwatin hannu ba kasafai yake mutuwa ta jikinsa ba. Wurare uku ne ke kashe shi: tayoyi, sandar ja, da zif. Su ne kuma mai saye ya fi wucewa bai duba ba, saboda launi da ƙyalli sun ɗauke masa ido. Matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda za ka zubar da akwatunan da ba su dace ba da wuri, ka kashe lokacinka a kan biyu ko uku da suka rage.

Kayan da za ka riƙe zuwa kasuwa

Tef ɗin awo irin na tela, mai santimita. In ba ka da shi, ka je wurin tela ya auna maka igiya ko zare mai kauri, ka ƙulla a santimita 23, da 35, da 55. Wannan igiya ta ishe ka.

Ma'aunin rataye mai ƙugiya, na batir ko na sifirin. Ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu, kuma zai yi maka amfani a kowace tafiya. In babu, ka nemi mai shago ya bar yaronsa ya raka ka wurin mai sikeli mafi kusa, ko mahauci ne ko mai sayar da siminti da ƙusa. Akwai kuma dabarar ma'aunin da ake hawa: ka hau kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da akwati, ka cire na farko daga na biyu. Sai dai wannan yakan yi kuskuren gram ɗari biyu ko uku, don haka ka bar wa kanka rata.

Gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi guda uku, a cike. Kowace gora kilo ɗaya da rabi ce, ukun kilo 4 da rabi ke nan, kusan abin da za ka zuba a akwatin ranar tafiya. Ba sai ka ɗauko daga gida ba, ana aro a teburin mai sayar da ruwa na kusa.

Fitilar waya, don leƙa cikin kusurwa. Biro guda. Sai takardar tikitinka ko hoton shafin kamfanin jirgin inda aka rubuta ƙa'idar kaya.

Mataki na 1: Ka san ƙa'idar jirgin da za ka shiga kafin ka taka kasuwa

Babu awo guda da duk kamfanoni suka haɗu a kai. A ƙaramin aji, Ethiopian Airlines na ba da kilo 7, da girman santimita 55 tsawo, 40 faɗi, 23 kauri. Turkish Airlines da EgyptAir na ba da kilo 8 da wannan girman. Air France kuwa nata 55 ne da 35 da 25, kuma kilo 12 take bayarwa, amma a haɗe da ƙaramar jakar da za ka sa ƙarƙashin kujera. Ka lura da faɗin: akwatin da ya wuce lafiya a Ethiopian da faɗin 40 ya zarce na Air France da santimita 5.

Saboda haka, in akwati ɗaya kake so ya yi maka shekaru a jirage daban-daban, ka ɗauki mafi ƙanƙanta a kowane ɓangare: 55 da 35 da 23, ka kuma ɗauka cewa kilo 7 ne rabonka. Kamfanoni na sauya ƙa'ida, wani lokaci ma nau'in tikiti ne ke yanke hukunci, don haka abin da ke rubuce a tikitinka shi ne gaskiya, ba abin da wani ya gaya maka ya yi bara ba. In tafiyar ta ƙunshi kamfanoni biyu, misali ka tashi daga Garwa zuwa Duwala sannan ka canja jirgi zuwa waje, wanda ya fi tsanani shi za ka bi. Mai niyyar Hajji ko Umra kuma, in masu shirya tafiyar sun raba jaka ta musamman ko sun faɗi awo, to magana ta ƙare, nasu za a bi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Jiragen cikin gida da ke zuwa Garwa, filin jirgin Salak na Marwa da Ngaundere wani lokaci ƙanana ne masu farfela, kuma ma'ajiyar da ke saman kujerunsu ba ta ɗaukar cikakken akwatin hannu. A irin wannan jirgi ana iya karɓar akwatin a gindin matakala a sa shi ƙasa tare da manyan kaya. Ma'ana, ko da ka ce akwatinka ba zai taɓa barin hannunka ba, wata rana za a jefa shi, a ɗora masa wani. Ka zaɓe shi da wannan a ranka.

Mataki na 2: Ka dubi hanyar da ke tsakanin ƙofar gidanka da filin jirgi

Masu ƙera akwati suna tunanin daɓen filin jirgi mai santsi. Akwatinka kuwa zai hau bayan babur a ɗaure da roba, zai shiga but ɗin bas daga Marwa zuwa Ngaundere, zai kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, za a ja shi a kan yashi da tsakuwa a tasha. Wannan hanya ce za ta gaya maka nau'in da ya dace da kai.

Mai taya huɗu, wanda ake turawa a tsaye, yana da daɗi a Addis Ababa ko Istanbul inda za ka yi doguwar tafiya tsakanin ƙofofi, kuma ya fi sauƙi ga dattijo ko mai ciwon kafaɗa. Amma tayoyinsa ƙanana ne, suna waje tsirara, yashi na cusa su, kuma su ne farkon abin da ke karyewa in aka jefa shi. Suna kuma cin santimita 5 ko 6 daga cikin 55 ɗinka, wurin da kaya za su zauna.

Mai taya biyu, wanda ake karkatawa a ja, tayoyinsa sun fi girma, rabinsu a ɓoye cikin jiki. Shi ya fi jure hanyoyinmu, kuma a ra'ayina shi ya kamata yawancin matafiyan arewacin Kamaru da Chadi su fara nema, ko da yake a kasuwa yanzu mai taya huɗu ya fi yawa.

Na uku ita ce jakar goyo ko ta rataye mara taya, mai lita 35 zuwa 40. Ba ta da sanda, ba ta da taya, don haka da wuya ta wuce kilo ɗaya da rabi, kuma tana matsuwa ta shiga ma'ajiyar ƙaramin jirgi. Ga matashi mai ƙarfi, ɗalibi ko ɗan kasuwa mai zirga-zirga, ita ce mafi riba. Aibinta shi ne kilo 7 ɗin a bayanka suke, kuma tana yamutsa shadda mai guga.

Mataki na 3: Ka auna da hannunka

Kar ka yarda da lambar da ke jikin takardar akwati. Abin da ake kira inci 20 sau da yawa awon gangar jiki ne kawai, ban da taya da mariƙi. Ma'aikacin filin jirgi kuwa da komai yake aunawa, domin cikin kejin ƙarfe zai ce ka zura shi.

Ka tsayar da akwatin a ƙasa mai shimfiɗe, ka jingina shi da bango. Tsawo: daga ƙasa inda taya ta taɓa, zuwa saman mariƙin sama, sandar ja tana ciki. Ka ɗora littafi ko kwali a kai ka auna zuwa gindinsa, ya fi daidai. Faɗi: har da mariƙin gefe da ƴan ƙafafun da ke ɗaya gefen. Kauri: har da aljihun gaba da tudun da sandar ja ta yi a baya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne auna akwatin yadi babu komai a ciki. In ya cika, cikinsa na turowa da santimita 2 ko 3, musamman in an cusa kaya a aljihun gaba. Mai yadi da ya kai 23 fanko ya riga ya faɗi. Haka zif ɗin ƙari, wanda ake buɗewa akwati ya ƙara ciki: yana ƙara kusan santimita 4 ko 5 a kauri, kuma da zarar ka buɗe shi akwatin ya daina zama na hannu. Kar ka biya kuɗi saboda shi, nauyi kawai yake ƙara maka da kuma wani zif da zai iya lalacewa.

Mataki na 4: Ka rataya shi a ma'auni

Ka cire takardu da ledar da aka cusa a ciki, sannan ka auna. Ga mai taya, kilo 2 zuwa 2 da rabi ya yi kyau ƙwarai. Har zuwa kilo 3 ana iya haƙuri in sauran sassan nagari ne. Abin da ya haura 3 da rabi ka ajiye shi, komai kyansa. Akwatin alminiyam mai ƙyalli, wanda ake so don nuna isa, yakan kai kilo 4 ko fiye, kuma in ya lotsa ba ya dawowa.

Ka yi lissafin a tsaye a gaban mai shago. In rabonka 7 ne, akwati ya ci 3.2, saura 3.8. Kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta za su iya cin kilo 2 a ciki. Abin da ya rage bai fi kaftani biyu da ƴan tarkace ba. Da akwatin 2.2 ne, da ka samu ƙarin kilo guda cur, wato wani kaftanin da takalmi.

Amma mai taya huɗu da bai kai kilo 2 ba, kuma ga shi da arha, ka yi masa kallon tsanaki. Ana samun irin wannan rashin nauyi ta hanya biyu ne: ko da roba mai tsada, ko da rage kaurin jiki da sa siririyar sanda. Farashin zai gaya maka wanne ne.

Mataki na 5: Jikin akwati

In mai tauri ne, roba iri uku ce a kasuwa, kuma ana rubuta sunanta a takarda ko a cikin akwatin. ABS ita ce mafi arha kuma mafi yawa. Tana da tauri amma ba ta da juriya: in ta sha bugu a kusurwa sai ta tsage, kuma zafin rana na ƙara busar da ita. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, akwatin ABS da ya yini a saman mota ba ya daɗewa. PC, wato polikabonet, tana lanƙwasa ta dawo, ta fi ƙarko nesa ba kusa ba, sai dai tana saurin nuna ƙarzuwa in mai sheƙi ce. PP, wato polifirofilin, ita ce mafi rashin nauyi a cikinsu, tana jure bugu da zafi, kuma launinta ya ratsa ta ciki da waje, don haka ƙarzuwa ba ta fitowa fari. In ka samu PP ko PC zalla cikin awonka, ka riƙe.

Ka kula da rubutun PC+ABS. Galibi ABS ce aka lulluɓe da siririn fatar PC, mai shago kuma zai ce maka PC ce. Ga yadda za ka gane. A tsakiyar shafin yadin da ke cikin akwati akwai wani zif, sau da yawa ba shi da abin ja, an juya shi ciki. Ka tura shi da farce ko bakin biro, ka haska fitila. In bayan robar launinsa daban ne da na waje, toka-toka ko baƙi alhali waje ja ne ko shuɗi, to lulluɓi ne. Sannan ka buɗe akwatin, ka danna tsakiyar murfin da tafin hannu. Nagari zai nutsa kaɗan ya dawo ba ƙara. Wanda ya yi ƙaras-ƙaras, ko farin layi ya fito inda ya lanƙwasa, ka mayar masa da kayansa. Ka ɗaga murfin ka kalli rana ta cikinsa: in kusurwoyi sun fi sauran wurare barin haske, robar ta yi siriri a daidai inda bugu ke sauka.

In mai yadi ne, za ka ga lamba da harafin D, kamar 600D ko 1680D. Kaurin zaren take nufi. Amma irin zaren ya fi lambar muhimmanci: nailan ya fi foliyesta ƙarfi in kaurinsu ɗaya. Foliyesta 600D ita ce ta akwatunan arha, tana yi, amma tana cinyewa a kusurwa. Nailan mai 1680D kusan ba ya yagewa, sai dai yana da nauyi. Ka shafa bayan yadin ta ciki. In yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin sabulu, shafen da ke hana ruwa shiga ya mutu, kuma zai ɓata maka fararen kaya. Ka ja ɗinki ta gefe biyu: in ramukan allura sun buɗe har kana ganin haske, ba zai ɗauki cusa ba. Kusurwoyin ƙasa su kasance da kariyar roba.

Game da launi, baƙi mai sheƙi na nuna ƙurar hunturu da kowace ƙarzuwa, yana kuma ɗaukar zafi. Mai toka, ruwan ƙasa ko shuɗi mai ɗan kaushi a jiki ya fi rufa asiri, ya kuma fi sauƙin ganewa a cikin tarin baƙaƙen akwatuna.

Mataki na 6: Tayoyi

A nan za ka daɗe. Ka kifa akwatin, ka juya kowace taya da yatsa. Ta juya sumul, ba gurnani, ba tangaɗi. Ka kama ta ka girgiza hagu da dama: ɗan motsi ba laifi, amma in tana kaɗawa a kan ƙarfenta, ba ta da boris a ciki, roba ce kawai a kan ƙusa, kuma yashi zai cinye ramin cikin ƴan tafiye-tafiye. Ka danna bakin tayar da farce. Mai kyau tana da ɗan laushi, tana tafiya shiru. Busasshiyar roba mai tauri tana ƙara a kan siminti kuma tana fashewa. In mai taya huɗu ne, wanda ke da tagwayen taya a kowace kusurwa ya fi mai guda-guda tsayuwa.

Yanzu ka koma ta wancan zif na cikin shafi ka haska gindin tayoyin. Abu biyu kake nema. Na farko, da me aka ɗaure su? In sukurori ne, duk ranar da taya ta mutu za a kwance a sa wata. In ribit ne da aka buga, sai an huda da na'ura kafin a cire, kuma sau da yawa jikin akwatin na tsagewa a wurin. Na biyu, akwai faifan roba mai kauri ko na ƙarfe da sukurorin suka kama ta ciki? In babu, jikin akwatin kaɗai ke riƙe da taya, kuma bugu ɗaya a bakin matakala zai tura ta ciki gaba ɗaya. Irin wannan karaya ba ta gyaruwa.

Sai gwaji da kaya. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, don Allah a bar ni in sa masa nauyi in ja shi nan ƙofa." Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ba. Ka zuba gorunan nan uku, ka rufe, ka ja shi taku ashirin a kan ƙasar kasuwa, ba a kan tayil ɗin shago ba. Ka juya da shi da sauri. Ka sake shi a tsaye ka gani ko zai kife ta gaba. Mai taya huɗu ka tura shi a wuri mai shimfiɗe ka saki: in ya karkata gefe guda, ɗaya daga cikin tayoyin ba ta zauna daidai ba.

Mataki na 7: Sandar ja da mariƙai

Sanda mai bututu biyu ta fi mai guda, domin ba ta murɗewa, kuma kana iya ɗora ƙaramar jaka a kai. Ka zaro ta ka mayar sau goma a jere, da hannu ɗaya. Ta tsaya da ƙas a kowane mataki, ɓangarorin biyu a lokaci guda. In ɗaya na kamawa ɗaya na zamewa, abin da ke cikin ya fara lalacewa tun a shago. Ɗan wasa a jikinta dole ne, da gangan ake barinsa don kada ta cije, amma kada kanta ya yi lilo fiye da faɗin yatsa. Ka tsaya ka riƙe ta, hannunka a sake: in sai ka sunkuya, ko akwatin na dukan dugaduganka, ta yi maka gajarta.

Mariƙin sama da na gefe su ma ka duba ta ciki ko sukurori ne da faifai. Ka ɗaga akwatin da gorunan a ciki, ka ɗan girgiza. Wanda ba shi da mariƙin gefe zai wahalar da kai wurin ɗora shi a ma'ajiyar sama. Kuma daga ranar da ka saya, kada ka ɗaga akwati mai kaya da sandar ja, kada ka bar ɗan dako ko mai babur ya yi haka. Don ja aka yi ta, kuma in ta lanƙwashe ko kaɗan ba za ta sake komawa ciki ba.

Mataki na 8: Zif da makulli

Ka zaga da zif ɗin tun daga farko har ƙarshe sau uku, ka lura da kusurwoyi, nan yake cijewa. Haƙoransa su zama manya, abin jan ya zama ƙarfe mai kauri, kuma kawunan biyu su kasance da ramin da ƙaramin kwaɗo zai shiga. Sunan YKK, kamfanin ƙera zif, a jikin kan zif alama ce mai kyau, amma ana buga na jabu, don haka tafiyarsa a hannunka ta fi rubutun zama shaida. Ka rufe, ka kama yadin gefe da gefe ka ja da ƙarfi: haƙoran kada su buɗe.

Ka sani cewa zif na roba mai layi ɗaya ana iya huda shi da bakin biro a buɗe, a kwashi abu, a ja kan zif a rufe kamar ba a taɓa ba. Akwai mai layi biyu, ɗaya a kan ɗaya, wanda ya fi wuyar hudawa, in ka samu ka fifita shi. Makullin lambobi mai jan tambari, wanda ake kira TSA, an yi shi ne don jami'an tsaron filayen jirgi, musamman na Amurka, su iya buɗewa da mabuɗinsu ba tare da sun fasa ba. Ba ya ƙara wa akwati tsaro a kan ɓarawo. Sabo yana zuwa a kan 0-0-0. Ka sa mai shago ya nuna maka yadda ake canja lambar, ka gwada sabuwar sau uku akwatin yana buɗe kafin ka kulle kayanka a ciki.

Akwati mai batir a jiki don cajin waya, ka tabbatar batirin na cirewa. Tun Janairun 2018 kamfanonin jirage ke ƙin karɓar wanda batirinsa ba ya fita.

Mataki na 9: In na gwanjo ne

Tsohon akwati na kamfanin kirki yakan fi sabon arha ƙarko, kuma ana samunsu a kasuwanninmu. Duk gwajin da ke sama ya hau kansa, da ƙarin uku. Ka duba robar tayoyi, domin tsufa na sa ta tsattsage ta ɓare ko da ba a yi aiki da ita ba. Ka sa hanci a ciki, warin fumfuna ba ya fita. Sannan ka zazzage shi sarai, kowane aljihu da bayan shafi, da fitila: kuɗin cizo na ɓuya a ɗinki, kuma duk abin da aka samu a akwatinka a filin jirgi naka ne a idon hukuma, ko ba kai ka sa ba. Wanda makullinsa ke kulle kuma mai sayarwa bai san lambar ba, ya buɗe shi tukuna kafin a yi maganar kuɗi.

Mataki na 10: Gwaji a gida, kwana biyu kafin tafiya

Ka shirya kayan gaske, ka rufe ba tare da ka hau kai ba. Akwatin da sai an zauna a kansa kafin ya rufu, zif ɗinsa ne zai biya. Masu nauyi, takalmi da caja, su zauna ƙasa wajen tayoyi. Ramukan da ke tsakanin bututun sanda ka cike su da safa da singileti. Ka sake aunawa da tef, ka sake ratayawa, ka tsaya a kilo 6 da rabi in rabonka 7 ne, domin ma'auninka da na filin jirgi ba lallai su yi daidai ba.

Duk abin ruwa, turare, humra, man shafawa, zuma, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, kuma a haɗa su a leda mai haske ta lita ɗaya. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Wuƙa, reza da babban almakashi su tafi babban akwati. Ruwan Zamzam ba ya shiga jakar hannu. Mai zuwa ƙasashen Tarayyar Turai kada ya sa kilishi, an hana fasinja shiga da nama. Batirin ajiyar caji kuwa a hannu ake riƙe shi, ba a babban akwati ba, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh, wato awon yawan wutar da batir ke riƙewa. Mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, ya wuce lafiya.

Fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi, magani, waya, kwamfuta da batirin caji ka haɗa su a wata ƴar jaka mara nauyi a saman kayan, yadda in aka ce za a karɓi akwatin a gindin jirgi, zaro ta kawai za ka yi.

Mataki na 11: Bayan an dawo

Ka cire zare da gashin da suka naɗe a ƙarfen taya da allura ko bakin almakashi, su ne ke tsayar da ita har gefe ɗaya ya cinye. Ka goge bututun sanda da busasshen ƙyalle. Kada ka sa masa man inji ko giris, ƙura za ta manne ta zama laka. Zif in ya fara nauyi, ka wanke haƙoran da tsohon buroshin haƙori, ka goga masa kyandir. In yana rufewa yana buɗewa ta baya, kan ne ya saki: ka matse shi kaɗan da filaya, gefe da gefe, a hankali, ko ka kai wa mai gyaran jaka ya sa sabon kai, ba sai an canja zif ɗin duka ba. Ka ɗaure sukurorin tayoyi da na mariƙi ta ciki, girgizar hanya na kwance su. Sannan ka ajiye shi fanko a inuwa, a lulluɓe da tsohon zane, nesa da rufin kwano, da zif ɗin a ɗan buɗe in damina ce.